Rantsuwa Biyu A Bakin Titi

Lorin da ya kawo su bai gama juyawa ba Sakinatu ta shige bukkar da aka nuna mata. Ta turo ƙofar langa-langa, ta zura sakata, ta jingina bayanta da ita.

Shiru. Ba kukan jaririn wata, ba tarin tsohon wani, ba rediyon maƙwabci. Ta ja numfashi har ƙirjinta ya cika, sannan ta sauke shi a hankali.

Tun da yaƙi ya koro su daga Sinja, a ajin wata makarantar firamare suke kwana cikin Gadarif, su da wasu iyalai, zannuwa ne kawai rataye a igiya suka raba kowa da kowa. A nan ta koyi canza kaya a tsugune, ta koyi kuka ba sauti. Ana nan sai aka ce za a buɗe makarantu, kowa ya nemi inda zai sa kansa.

"Ke Sakinatu!" Muryar mahaifiyarta Inna Fatna ce daga waje. "Kin kulle kanki mu ne za mu kwashe miki kayan? Fito ki ga ikon Allah! Famfo ne wallahi, a tsakar gida, namu mu kaɗai!"

Ta fito tana murmushi. Bukkoki biyu ne da rumfar kara, an zagaye su da darni a kusurwar wani makeken fili. Mahaifinta Malam Cindo yana tsaye da wani baƙin tsoho mai farar riga da sanda. Shi ne Abuna Tiya, shugaban wurin.

Makaranta ce ta horar da samarin da za su zama limaman Kirista. Su ma yaƙin ne ya kore su daga Khartum, suka sami wannan fili a kan hanyar da ta tashi daga Gadarif zuwa Ƙala'at an-Nahal, ga gonar dawa a bayansa, ga 'yan shanu, amma ba wanda ya taɓa noman baƙar ƙasar nan a cikinsu. Shi ne suka ɗauki Malam Cindo wakilin gona, suka ba shi gida a cikin shingensu.

"Malam Cindo, alƙibla nan take, na tambayi magina," in ji Abuna da Larabci, yana nuni da sandarsa. "Ƙararrawar kanisa, wato cocinmu, kuma za ta dame ku da safe. Ma'alesh, ku yi haƙuri da ita."

Malam Cindo ya yi dariya, irin wadda Sakinatu ta daɗe ba ta ji daga bakinsa ba.

"Abuna, wanda ya saba barci cikin minsharin mutanen aji guda, ƙararrawa ba za ta tashe shi ba."

Da yamma da aka kaɗa ta, Inna Fatna ta zabura har ludayi ya faɗi daga hannunta, ta ja a'uziyya, sannan ta dubi 'yarta suka fashe da dariya tare. Ranar har Inna ta yi wanka sau biyu, ba don komai ba sai don ba layi.

Abu ɗaya ne ya hana daɗin nan cika. Mazin bai zo rakiya ba.

Mazin ɗan Haj Eltayeb ne, babban mai sayen dawa da riɗi a kasuwar Gadarif, Bahaushe irin su, waɗanda kakanninsu suka taho aikin hajji a ƙasa suka zauna. Shi ke tuƙa lorin mahaifinsa. Tun suna zaune a aji ya nuna yana son Sakinatu, mata sun je sun dawo, abu ɗaya ya rage: Haj ya taka da ƙafarsa gidan Malam Cindo ya nemi aurenta. An ce a bari su sami gida tukuna, don ba a neman 'yar mutane a bayan labulen zani.

To ga gida ya samu, Mazin kuma shiru.

Sai da kwanaki suka ja sannan ya zo. Ya ajiye lorin a tsallaken titi, ya tsaya a gindin aduwa, bai kusanci ƙofar makarantar ba. Mai gadi ne ya je ya kira ta. Inna ta biyo ta har bakin ƙofa ta zauna tana tsintar wake, inda za ta gan su amma ba za ta ji ba.

"Sakina."

"Na'am." Idonta na ƙasa, tana murɗa bakin mayafinta.

"Ba za ki tambaye ni abin da ya hana ni zuwa ba?"

"Ai ka zo."

"Ban shigo ba."

"Na gani."

Ya share fuska da tafin hannu. Ta lura ya rame, idonsa ya yi ja.

"Yaba ya rantse, Sakina."

Ta ɗago kai. Yaba shi ne yadda Mazin ke kiran mahaifinsa.

"A kasuwa, gaban dillalai. Wani ne ya tsokane shi, ya ce ya Haj, mun ji surukinka ya tare a gidan kanisa, ranar ɗaurin aure ƙararrawa za a kaɗa mana ko kiran salla? Aka kwashe da dariya. Kin san Yaba da dariyar mutane. Ya miƙe ya ce wallahil azim ƙafarsa ba za ta taka cikin shingen nan ba, bakinsa kuma ba zai taɓa abin da aka dafa a cikinsa ba."

Sakinatu ta dafa aduwar.

"Mu fa salla muke yi, Mazin. Kullum. Baba shi yake kiran salla ya ja mu. Ba wanda ya taɓa ce mana ku shigo kanisa."

"Na sani. Wallahi na sani. Na faɗa masa har muryata ta dushe."

"To shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Saurare ni, na samo mafita." Ya matso kaɗan, ya sassauta murya. "Ki koma wurin Gwaggonki Jummare a Gadarif. Mijinta ya karɓi maganar a madadin Baba. Yaba ya ce in haka ne zai je, ko gobe."

Da ta buɗe baki, hawaye ne suka riga maganar fitowa.

"Ubana yana raye, Mazin."

"Wa ya ce ba ya raye? Dabara ce kawai, don a wuce wurin."

"In na bar gidan nan don a nemi aurena a gidan wani, me na gaya wa duniya? Na ce gidan ubana gidan kunya ne. Na ce abin da dillalai suka faɗa gaskiya ne."

"Sakina…"

"Ka bari in gama, ka san ban iya magana ba, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba." Ta goge ido da mayafi, wasu suka sake zubowa. "Mutumin nan ya goyi Inna a laka ranar da muka fito daga Sinja. Duk daminar da ta wuce a baranda ya kwana, ruwa na dukansa, don a bar wa mata da yara ajin. Ya je neman aiki gonakin manya, aka ce ya tsufa. Su waɗannan ne suka ce zo. Shekaranjiya na ji yana minshari, Mazin. Tun Sinja ban ji ya yi barcin da ya kai shi minshari ba. Shi ne zan tattara kayana in fita, in bar shi da kunya?"

Mazin ya juya baya, ya daki tayar lorin da ƙafa, ya dawo.

"Ya fara maganar Raniya."

"'Yar ƙaninsa?"

"Ya ce in aka yi sallar azumi ba a daidaita ba, da ita za a yi."

"Raniya kyakkyawa ce," in ji ta a hankali. "Ta yi karatu mai zurfi kuma. Ni aji nawa na yi?"

"Kada ki yi mini haka! Ni Raniya nake nema? Tare muka tashi, ban taɓa yi mata kallon so ba, ƙanwata ce. Ke nake so. In ba ke ba, wallahi in shiga lorin nan in nufi Showak in wuce, kada a sake ganina."

"Kai ma rantsuwar za ka yi? Ta mutum ɗaya ba ta ishe mu ba?"

Hawaye ya cika masa ido, namiji guda, ya sunkuyar da kai.

"To me zan yi?"

"Ka bi ubanka. Ni ma nawa zan bi. In da rabo…" Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tsallaka titin da sauri, ta wuce Inna ba tare da ta dube ta ba.

Magana ba ta ɓuya. Kafin magariba Inna ta tatsi komai daga bakinta, bayan salla kuma Malam Cindo ya kira su rumfa.

"Gobe zan gaya wa Abuna ya nemi wani wakili."

"Mu koma ina, Malam?" in ji Inna. "Ajin an zuba yara a ciki."

"Allah ba zai hana mu wani wurin ba. Ba zan zama sanadin da 'yata za ta rasa miji ba."

Sakinatu ta durƙusa a gabansa. Ba ta saba haɗa ido da shi ba, yau ma ba ta haɗa ba.

"Baba, in ka ajiye aikin nan saboda ni, ko an ɗaura auren ba zan ji daɗinsa ba. Don Allah ka bari. Ni na haƙura."

Ya daɗe yana jan carbi. Daga can ya ɗora hannu a kanta, ya tashi ya nufi wurin shanu, ko da yake an riga an ba su abinci.

Haka azumi ya same su.

A ƙasar nan namiji ba ya buɗa baki a cikin gida. Kowane gida yana fitar da siniya, babban tiren abinci, a shimfiɗa tabarmi a bakin hanya, duk wanda magariba ta riska a tafe a tare shi, ko ya so ko bai so ba. Malam Cindo ba shi da maƙwabcin da zai haɗa siniya da shi, amma ranar farko ya ɗauki tabarmarsa ya fita bakin titi, ya zauna shi kaɗai da tuwon asida da tulun hilu-mur, abin shan buɗa baki na ƙasar. Wani makiyayi ne kawai ya samu.

Washegari Abuna Tiya ya iso da sandarsa, ɗalibai na biye da shi ɗauke da tabarmi da itace da buhun gari.

"A Omdurman na tashi, Malam Cindo, ban taɓa ganin shimfiɗar azumi ta mutum ɗaya ba. Mu ma muna cikin namu azumin, kowa da irin nasa. Ku dafa, ka yanka, mu mu ɗauko mu tare hanya."

Tun daga ranar bakin titin ya zama wurin tsayawa. Inna da Sakinatu da matan kicin ɗin makarantar suna kan murhu tun la'asar, ɗalibai na warware rawanin Malam Cindo su miƙe shi a tsakiyar titi, direbobi su taka birki suna dariya. Aiki ya yi wa Sakinatu yawa, ta kuma gode wa Allah da ya yi yawan, don ba ta da lokacin tunani. Sallar azumi dai tana matsowa, kowace rana da ta faɗi sai ta ji an yanki wani abu a ƙirjinta.

Wata yamma, azumi ya raba tsakiya, abin ya zo da tsiya. Motocin haya biyu suka wuce a guje ba su tsaya ba, ɗaya har ta kusa tafiya da rawanin. Ga abinci jibge, ga rana ta kusa faɗuwa, mutum uku ne kawai a kan tabarma. Ran Malam Cindo ya ɓaci.

Sai ga wani lori daga wajen Ƙala'at an-Nahal, shaƙe da buhunan dawa, leburori zaune a samansa. Maimakon ya rage gudu sai ya ƙara. Rana tana bayansa, ja wur, tana dukan idon duk wanda ya dube shi.

Malam Cindo ya yi tsalle ya dira tsakiyar titi, ya ɗaga hannu biyu.

"Alayyat-talag! Na rantse da igiyar aurena, ba za ku wuce ba sai duk wanda ke cikin motar nan ya ci abincin gidana!"

Birki ya yi ƙara, ƙura ta tashi.

Sakinatu tana bakin ƙofa riƙe da tulun hilu-mur. Rantsuwa ce da mazan ƙasar nan ke ɗaure baƙo da ita: in baƙo ya ƙi ci, matar mai rantsuwar ta saku. Shi ya sa ba a ƙi. Inna ta sha hana shi yin ta.

Ƙurar ta lafa. Ta gane koren fentin lorin.

Ƙofar gefe ta buɗe. Wani ƙaton dattijo ya sauko a hankali, farar jallabiya, babban rawani, fuska a ɗaure tamau. Ta ɗaya ƙofar Mazin ya diro, kamar wanda aka zare wa laka.

"Cindo."

"Haj." Hannayen Malam Cindo suka sauka da kansu.

"Da gangan ka yi?"

"Wallahi rana ce ta kashe mini ido."

Haj Eltayeb ya juya kan ɗansa. "Kai ka gaya musu yau za mu biyo?"

"Ni, Yaba? Ni da na taka mai don mu wuce!"

"To ka ji rantsuwar da na yi a kasuwa, Cindo?"

"Na ji."

"Janye taka."

"Ba ta janyuwa, Haj. Ka fi ni sani."

Leburorin da suka fara dirowa suka tsaya cak. Ɗaliban da ke riƙe da rawani suka dubi Abuna.

"Yaba," in ji Mazin da rawar murya, "ina jin fa a nan waje suke girkin, ba a ciki ba. Ko ba haka ba, Baba?"

Abuna Tiya ne ya tako, yana dogara sandarsa.

"Ya Haj, ni ba ni da matar da zan rantse da ita, shi ya sa nake tare hanya da sanda kawai. Amma na tsufa, ba zan bari a ciyar da kai da ƙarya ba. A cikin shingen aka dafa. Matarsa ta dafa, 'yarsa ta tuƙa, shi ya yanka da bismillarsa. Namu itace ne da ɗauko siniya. Amma a ciki ne."

Mazin ya rufe ido. Haj ya dubi tsohon sama da ƙasa.

Sai ga Inna Fatna ta fito daga ƙofa, muciya a hannu, tob ɗin da ta yafa duk gari. Ashe labari ya kai kicin.

"Haj Eltayeb, sannu da hanya. Ni ce aka jinginar." Ta harari mijinta, ta dawo da ido kan Haj. "Na biyo mutumin nan daga Sinja, takalmina ya tsinke a laka, ban ce ya sake ni ba. Na zauna da shi a aji ana leƙenmu ta zani, ban ce ya sake ni ba. Sai yau da na sami famfo a tsakar gida za a sake ni a kan tuwo?"

Wani lebura ya tuntsire da dariya, ya toshe baki da hularsa. Amma Inna ba ta yi dariya ba, Sakinatu ta gani.

Daidai nan kiran salla ya tashi daga ƙaramar rediyon da ke kan tabarma. Ba wanda ya miƙa hannu. Duk ido yana kan Haj.

Ya sa hannu a aljihu, ya ciro dabinonsa na kansa, ya yi bismilla ya jefa a baki. Ya juya kamar zai koma mota.

Sakinatu ba ta san lokacin da ƙafafunta suka ɗauke ta ba. Ita da ko gaban baƙuwa mace ba ta iya magana, sai ga ta a tsakiyar maza. Ta durƙusa a kan tsakuwar titi, ta tsiyaya hilu-mur a kofi, rabi yana zuba a ƙasa, ta ɗaga shi da hannu biyu.

"Baba Haj." Da ƙyar muryar ta fito. "Ba don ni ba. Maganata da Mazin ka yi yadda ka ga dama, wallahi ba zan ce komai ba. Inna dai. Don Allah, Inna dai."

Haj ya tsaya. Ya juyo ya dubi kofin.

"Ke ce kika ƙi komawa gidan gwaggonki?"

"Ni ce."

"An ce miki zan je can, kika ƙi. Me ya sa?"

"Ubana yana nan."

Ba ta ɗago ba, takalmansa kawai take gani. Ta ga sun juyo. Ta ji an zare kofin daga hannunta.

"Bismillahi."

Ya shanye tas. Ya wuce kan tabarma, ya tattare jallabiya ya zauna, ya nannaɗe hannun riga, ya yanko asida ya dangwala a miya ya kai baki. Ya tauna, ya haɗiye, kowa na kallon maƙogwaronsa.

"Kaffara a kaina," ya ce. "Talaka goma zan ciyar saboda haukanka, Cindo. Ku kuma me kuke jira? Ku sauko ku ci, kada a saki matar mutane!"

Nan take wurin ya kaure. Leburori suka diro suna dariya, ɗalibai suka shiga zuba ruwa a buta. Inna ta zauna daɓas a bakin ƙofa ta rufe fuska da tob, kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ko dariya ba. Mazin ya zauna a ƙarshen tabarma ya kasa cin komai, sai da Malam Cindo ya tura masa siniya ya ce, "Kai ma a cikin motar kake, ci!"

Da aka tashi salla Malam Cindo ya ja baya ya nuna wa Haj gaba. Haj ya tura shi.

"Mai shimfiɗa ke limanci."

Sahu ya miƙe a gefen titi. Ɗaliban suka rabu biyu, wasu suka tsaya can sama wasu can ƙasa, suna ɗaga wa motoci hannu su rage gudu kada ƙura ta rufe masu salla. Abuna ya zauna a kan wani dutse yana korar awaki daga sauran abincin. Da aka sallame, Haj ya daɗe yana kallon su, carbi a hannu, bai ja ko ƙwaya ɗaya ba.

Sannan ya miƙe ya karkaɗe jallabiya.

"Rantsuwa ɗaya na yi, kaffararta ɗaya ce. Tunda ta karye, ta karye. A gidan nan ba a ba baƙo gahawar jabana ne?"

Malam Cindo ya yi gaba da sauri har yana tuntuɓe. A bakin ƙofar makarantar Haj ya ɗan tsaya, ya dubi gicciyen da ke saman kanisa, ya dubi darnin gidan Malam Cindo a kusurwa, ya yi bismilla ya shiga da ƙafar dama.

Sakinatu ta riga su gida. Tana bayan bukka tana soya 'ya'yan gahawa a kasko. Darni ne kawai tsakaninta da rumfa, tana jin komai.

"Kada ka ɗauka wurin nan ya kwanta mini, Cindo," in ji Haj. "Bai kwanta ba. Gobe dillalai za su ci namana ɗanye. Ƙanina kuma zai yi fushi a kan Raniya, wannan nawa ne, ni zan ji da shi."

"Allah ya huci zuciyarka, Haj."

"Tsohon can da ya ƙi a yi mini ƙarya, shi ma ka gaishe shi." Ya yi gyaran murya. "Yarinyar nan an buɗe mata hanya ta ƙi bi, don kada ta kunyata ubanta. Irinta nake so a gidana. Bayan sallar azumi zan zo da 'yan'uwana a yi komai yadda ake yi. Amma tunda ƙafata ta riga ta shigo, ba zan fita da maganar a baki ba. Malam Cindo, na zo neman alheri. Ina nema wa ɗana Mazin auren 'yarka Sakinatu."

Da mahaifinta ya yi magana, muryarsa ba irin tasa ba ce.

"Alheri ka tarar, Haj. Na ba shi."

"Fatiha."

Ba a gama shafawa ba Inna ta rangaɗa guɗa. Daga can kicin ɗin makarantar wasu muryoyin suka amsa, ɗaya bayan ɗaya, har shanu suka firgita a garke.

Sakinatu ta zame ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Kuka take yi da sauti, irin wanda ta manta yadda ake yinsa, kuma bai yi mata zafi ko kaɗan ba.

Inna ta zagayo, ido jawur, baki har kunne.

"Ke! Tashi, gahawar ta ƙone ƙurmus! Yau ne za ki kunyata ni?" Ta leƙa rumfa ta saman darni. "Kai kuma Malam, in ka ƙara rantsuwa da ni, wallahi da kaina zan tare lorin in hau!"

Dariyar maza ta cika rumfar, har da ta Mazin. Daga cikinta muryar Haj Eltayeb ta fito, da faɗa-faɗa kamar kullum.

"Ƙyale ta, Fatna. Ko ƙonanniya ce a kawo. 'Yata, zubo mini da hannunki."